Yadda Za Ka Jagoranci Zaman Unguwa Idan Sunaye Sun Raba Mutane

Idan aka ɗora maka jagorancin zaman unguwa a Zariya, ko kan rikicin masallaci, ko kuɗin gyaran taransufoma, ko rabon taki, ko wata hatsaniya da ta biyo bayan zaɓe, ka sani tun kafin a shimfiɗa tabarma cewa sunayen da mutane ke kiran junansu da su za su fi kuɗin da filin ba ka wahala. Na daɗe ina riƙe da littafin kwamitin unguwarmu a Tudun Wada, tun ina koyarwa a firamare har na ajiye aiki, kuma a nan na koyi abin da zan faɗa. Mutum yakan shigo da sunansa na yanka, amma da zarar magana ta ɗau zafi sai ya koma ɗan Izala, ko ɗan ɗarika, ko ɗan Shi'a, ko baƙo, ko ɗan jam'iyya kaza. Daga nan babu mai jin abin da yake faɗa. Laƙabin da aka liƙa masa shi ake amsa wa, kuma kowa ya zo da amsar a shirye tun daga gida. Aikinka shi ne ka mayar wa kowa da sunansa kafin a tashi.

Ka fara da tuna cewa garin nan kansa bisa irin waɗannan sunaye aka yanka shi. Birni na nan da ganuwarsa tun kafin Turawa, da Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kibo da sauransu. Da Turawa suka kafu, jirgin ƙasa kuma ya iso wajen 1911, sai suka ware Sabon Gari ga ma'aikata da 'yan kasuwar da akasarinsu daga Kudu suka zo, suka ware Tudun Wada ga 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin Zariya ba. Hukuma ce ta ja layi a takarda, ta ce wannan ɗan ƙasa, wannan baƙon kusa, wancan baƙon nesa, kowa ga inda zai kwana. Fiye da shekara 100 ke nan, Turawan sun tafi, layin yana nan. Jikan wanda ya zo daga Katsina ko Bida ko Borno, wanda a nan aka yanke masa cibiya, a nan aka binne kakansa, idan ya je neman takardar indijin ana iya tambayarsa asalinsa. Tsarin mulki na 1999 a sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda asalinsa ko addininsa, shi wannan tsarin mulkin kuma a sashe na 147 ya ce a ɗauko minista daga kowace jiha, ya zama ɗan asalinta. Da haka kalmar ta samu gindin zama, tun daga Abuja har zauren mai unguwa.

Ko gidajen sarautar Zazzau huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, a zamanin jihadi suka kafu, lokacin da Sarki Makau da jama'arsa suka yi kudu, danginsa ke riƙe da sarautar Suleja har yau. Ban kawo wannan don rage darajar kowa ba. Na kawo ne don idan wani ya miƙe a zaman ya ce baƙi ne suka ɓata unguwa, kai mai jagoranci ka san cewa baƙunta a Zariya mutane ne suka tsara ta, suna kuma sake tsara ta duk lokacin da aka zo rabon wani abu. Ba sai ka yi masa laccar tarihi ba. Sanin kawai zai hana ka gyaɗa masa kai.

Kwana biyu ko uku kafin zaman, ka bi mutanen ɗaya bayan ɗaya, kowa a inda ya fi sakewa: wannan a shagonsa, wancan a teburin mai shayi bayan isha'i, dattijo a zaurensa da hantsi. Kada ka kai wa kowa shawara, sauraro ya kai ka. Abu biyu kake nema, sunan da kowane ɓangare ke kiran kansa, da sunan da ake kiransa idan ba ya wurin. Za ka ji wanda ake ce wa ɗan Izala yana cewa shi Ahlussunna ne. Wanda ake jifa da ɗan bidi'a zai ce shi Batijjane ne ko Baƙadire, masoyin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Waɗanda gari ke kira 'yan Shi'a da yawansu 'yan'uwa suke kiran junansu. Wanda ake ce wa arne a bayan idonsa Kirista ne, yana da cocinsa, yana kuma da sunan al'ummarsa da yake so a kira shi da shi: Bajju maimakon Kaje, Atyap maimakon Kataf, Ham maimakon Jaba. Ka rubuta su a littafinka. A ranar zaman, sunan da mutum ya zaɓa wa kansa shi za ka yi amfani da shi.

Wani lokaci wannan ma ba ya yiwuwa. Idan ka kira ɓangare ɗaya Ahlussunna, ɗayan zai ce ashe mu ba mu bin sunna ke nan. Idan ka kira wancan masoya Annabi, wannan zai ce mu maƙiyansa ne? To a nan ka sauko ƙasa, ka kira su da abin da ido ke gani: masu karatu bayan magariba, masu wazifa, jama'ar masallacin bakin titi, mazauna layin bayan makaranta. Babu wanda zai yi musun cewa yana karatu bayan magariba.

Wurin da za a zauna shi ma yana yanke rabin hukunci. Zauren mai unguwa yana da kwarjini, kuma ana buƙatar kwarjinin nan a ƙarshe. Amma saurayin da ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya ce ranka ya daɗe, ba zai buɗe baki bayan nan ya ce kuɗin da aka tara sun yi ƙasa ba. Ni nakan nemi aji ɗaya a firamare da yamma, bayan la'asar, inda kowa zai zauna a benci iri ɗaya. A can ake yin musun. Idan aka cimma matsaya sai a ɗauke ta a kai zaure a sa mata albarka. Kada ka cire wa kowa girmansa: Alhaji yana nan Alhaji, liman a ce masa Allah ya gafarta Malam, dattijo Baba. Abin da za ka ƙara shi ne ka ba wanda ba shi da kowane muƙami nasa girman, ka ce wa mai gyaran babur Malam wane kamar yadda ka ce wa malamin jami'a daga Samaru. Sannan ka fara ba ƙananan dama kafin manya. Idan dattijo ya riga ya yi magana, abin da ya rage wa yaro shi ne haka ne Baba, sai ya fita waje ya faɗi ainihin abin da ke ransa ga abokansa, a can kuma ba ka da iko da shi.

Mata ba za su yi magana a irin wannan zama ba, ko an gayyace su, alhali idan rigimar ruwa ce ko ta yara ko ta kwata su suka fi kowa sanin inda ta faro. Ka roƙi wata dattijuwa da ake jin maganarta ta tara su a gidanta ko a Islamiyyar matan aure, a rubuto abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi, ka karanta a gaban maza ba tare da ka tausasa ba.

Idan akwai Kiristoci a zaman, Musulmi ya buɗe da addu'a Kirista ya rufe, kamar yadda aka saba a tarukan hukuma. Kada kuma ka yi mamaki idan ka ji fasto yana roƙon Allah da Hausar da ta fi taka kyau. Mishan ya koma Wusasa tun 1929, Littafi Mai Tsarki cikin Hausa wanda Likita Walter Miller ya yi wa aiki ya fito a 1932, a Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi, kuma akwai gidajen Hausawa Kiristoci a can da suka kai jikoki da tattaɓa-kunne. Wanda ya ɗauka Bahaushe da Musulmi abu ɗaya ne bai gama zagaya Zariya ba.

Ga babban abin da nake so ka riƙe. Duk lokacin da wani ya jefo sunan jimla, ka tsayar da shi cikin ladabi ka nemi aikin: wa ya yi, me ya yi, yaushe, a ina, wa ya gani. Sunan jimla kamar buhu ne, a zuba mutum ɗari a ɗaure baki, ba ka ganin fuskar ko ɗaya, kuma dukan buhu ba ya sa kowa jin tausayi. Tambayarka ita ce ke kwance bakin.

Akwai wani masallacin kamsu salawati da mutanen layi suka gina da karo-karo, rigima ta tashi a kansa har aka kusa raba sahu. A zaman, wani saurayi ya miƙe jikinsa na rawa ya ce 'yan bidi'a sun ƙwace musu masallaci. Wani dattijo da ke riƙe da carbi ya ɗaga murya ya ce ai Wahabiyawa ba su san girman kowa ba. Na ce wa saurayin, "Ɗana, zauna tukuna. Wace rana aka hana ka shiga?" Ya ce, "Baba, ba a hana ni shiga ba." Na ce, "To me aka yi?" Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce ranar Talata bayan magariba sun zo da malaminsu za su yi karatu, suka tarar an shimfiɗa farin ƙyalle ana wazifa, da aka gama kuma ladan ya tafi gida da makullin akwatin lasifika. Na juya ga dattijon na ce, "Allah ya gafarta Malam, wane rashin girmamawa aka yi maka?" Ya ajiye carbin a cinyarsa, muryarsa ta sauka, ya ce yaron da shi ya raɗa wa suna ya tsallake ƙafafunsa yana zaune, ya zare wayar lasifika, ko sallama bai yi ba.

Ka ga abin da ya rage a gabanmu: makulli ɗaya, lokaci tsakanin magariba da isha'i, da gaisuwar da ba a yi ba. Waɗannan ana iya warware su a ajin firamare. Aka ba wani tela da kowa ya yarda da shi makullin, shagonsa na kallon masallacin. Masu wazifa suka yarda su riƙa yi ba tare da lasifikar waje ba, masu karatu suka ɗauki bayan isha'i a wasu ranaku. Yaron kuma mahaifinsa ya raka shi har gida ya gaida dattijon. Ba wanda ya canza aƙidarsa, ba kuma a nemi kowa ya canza ba.

Wannan ya kawo ni ga kalmomin hukunci, irin su bidi'a da shirka da kafirci. Kai ba mai fatawa ba ne, ko da kana da karatu, domin ranar ba a matsayin malami ka zauna ba. Idan suka taso ka ce wannan fagen malamai ne, mu a nan lokaci da makulli da kuɗi muka zo tsarawa. Amma ka kiyayi abu ɗaya da 'yan boko irina kan faɗa da kyakkyawar niyya, wato ai duk ɗaya ne, ku daina jayayya a kan ƙananan abubuwa. Wannan zagi ne ga ɓangarorin biyu. Mutumin da ke musu kan wazifa lahirarsa yake tunani, haka ma mai yin ta. Ka girmama nauyin da suke ba abin, ka dai hana su mayar da shi dalilin hana juna ruwa ko wurin sallah. Saɓanin nan ya girme ka. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, ɗarikun kuma sun daɗe ƙwarai kafin nan. Dattawa za su ba ka labarin zamanin da ƙabalu da sadalu suka raba masallatai a Arewa, mutum ya ƙi bin ɗan'uwansa sallah saboda inda ya ajiye hannuwansa. Yau je ka Masallacin Juma'a na ƙofar fada ka dubi sahu, mai ƙabalu da mai sadalu kafaɗa da kafaɗa. Idan kana son a tsawatar da baki, ka roƙi malami daga kowane ɓangare ya karanto aya ta 11 a Suratul Hujurat, inda Allah ya hana muminai jifan juna da miyagun laƙubba. Kiristocin da ke wurin suna da irinta a Wasiƙar Yaƙub sura ta 3, inda aka ce harshe wuta ne.

Mu a jihar nan mun ga wutar da idonmu. A watan Maris na 1987 musu kan wa'azi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya zama rikici, aka ƙona masallatai a can, cikin 'yan kwanaki aka ƙona coci-coci da dama a Zariya, alhali waɗanda aka ƙona wa ba su san abin da aka faɗa a Kafanchan ba. Sunan da suke ɗauke da shi kawai aka bi. A watan Disamba na 2015 kuma, bayan arangamar sojoji da mabiya Harkar Musulunci a nan garin, kwamitin binciken da gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa ya tabbatar da mutuwar fiye da mutum 300. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda na ji mutanen kirki, masu sallah a sahun farko, suna cewa ai 'yan Shi'a ne, kamar wannan ya isa bayani. Kana iya saɓa wa mutum a aƙida iyakar saɓawa, kana iya jin haushin tare hanya da muzahara, amma ranar da laƙabinsa ya hana ka jin zafin mutuwar ɗansa, wani abu ya lalace a cikinka. Shi ya sa ba na ɗaukar zaman unguwa da wasa. A irin waɗannan ƙananan zama ake koya wa yara ko maƙwabci mutum ne ko jimla.

Kada ka fahimce ni cewa duk sunan da ke tara jama'a sharri ne. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, Malam Aminu Kano da abokansa sun ɗauki kalmar talaka, wadda a da wanda ake mulka kawai take nufi, suka mayar da ita tutar da mutum zai tsaya a ƙarƙashinta ya tambayi hakimi dalilin haraji da aikin tilas. A Sabon Gari Hajiya Gambo Sawaba ta rayu, an haife ta a 1933 ta rasu a 2001, an ɗaure ta sau da dama saboda ta ce mata su fito, a lokacin da matan Arewa ba su da ƙuri'a. Sai a 1979 suka jefa ta a zaɓen ƙasa. Mahaifinta daga Gana ya zo, mahaifiyarta Banufiya, da ma'aunin indijin za a auna ta da baƙuwa za a ce. Yau babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi. Gwamna Balarabe Musa na PRP ya soke haraji da jangali a 1979 da ƙarfin wannan kalma ta talaka. Amma mu da muka ga zamanin mun kuma ga yadda jam'iyyar PRP ɗin ta rabe gida biyu, santsi da taɓo, abokai suka daina gaisawa. Don haka ma'aunina ga kowane suna shi ne: yana ba mai rauni bakin magana, ko yana toshe kunnen mutane daga jin wani?

A zaman da ya shafi aikin gwamnati, ka sa ido kan kalmar taimako. Za ka ji an ce Honorabul ya taimaka mana da burtsatse. Ka tambaya a fili, cikin girmamawa, daga aljihunsa ne ko daga baitulmali? Idan daga aljihunsa ne a gode masa a yi masa addu'a. Idan daga kasafin kuɗi ne ka rubuta aikin ƙaramar hukuma, ka nemi sanin ɗan kwangilar da wanda gyara ya rataya a wuyansa. Mutanen da suka ɗauka kyauta aka yi musu ba sa iya ƙorafi ranar da famfon ya tsaya, kunya za ta hana su. Haka idan za ku rubuta wa kansila ko ciyaman takarda, ku cika gaisuwa yadda ta kamata, amma a jikin takardar ku ce muna tunatar da kai alƙawarin ranar kaza, ku bar muna roƙon arziki. A lokacin kamfe kuwa ka sanar tun a gayyata cewa ba a shigowa da riga ko hula mai hoton ɗan takara. Idan wani ya ce wane namu ne, tambayar ɗaya ce: me ya yi wa layin nan, a wace shekara?

Sai maganar an ce. Hausarmu tana ba mu damar faɗin abu ba tare da mai yi ba: an ce, an yi, an kwashe, ana zargi. A lokacin bincike kada ka bar ko ɗaya ya wuce. Wa ya ce? Kai ka ji da kunnenka? Idan aka kawo sautin murya daga WhatsApp, a kunna shi daga farko har ƙarshe a gaban kowa, a tambayi ranar da aka ɗauka da garin da aka ɗauka, domin sau da yawa tsohon abu ne na wani gari aka sake yaɗawa. Aya ta 6 a wannan sura ta Hujurat ta umarci a binciki labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci. Amma idan an gama bincike, gaskiya ta fito, an zo wurin rufewa, to ka bar wannan an ɗin ya yi aikinsa na alheri. Dattijon da ya ce an yi kuskure, a yafe, a gaban 'ya'yan cikinsa, ya ba da haƙuri ke nan, kowa a ɗakin ya gane. Kada ka matsa masa sai ya ce ni na yi. Ka sami abin da kake nema, ka bar masa rawaninsa.

Kalmomi biyu da suka fi kowanne nauyi a wurina su ne ƙaddara da haƙuri. Da su muke ɗaukar abin da ba ya ɗaukuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kabarin nasa ya san cewa ba don su ba da hankali ya gushe. Saboda haka nake jin zafi idan aka yi amfani da su don rufe magana. Wani yaro ya taɓa faɗawa rijiyar da aka bari buɗe a wani kango a bayan layinmu, Allah ya karɓi abinsa. Mahaifinsa ɗan haya ne, mai kangon kuma mai hali. A zaman da aka yi bayan sadakar bakwai, duk wanda ya miƙe sai ya fuskanci uban ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Shi kuwa yana zaune a bencin baya, hularsa a hannu, yana ta juya ta, bai ce uffan ba. Rijiyar tana nan buɗe a daidai lokacin da muke maganar.

A irin wannan hali ka kiyaye jeri. A zaman makoki ƙaddara da haƙuri su ne maganar, babu wata. A zaman kwamiti kuwa a fara da rijiyar: ta wace ce, tun yaushe take buɗe, an taɓa yi masa magana, wace rana za a rufe ta, akwai wasu irinta a unguwa? Imani da ƙaddara bai hana wannan ba. Da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. A ranar na roƙi mai kangon ya fara magana kafin a sake ce wa uban komai. Ya ce an faɗa masa tun da damina, ya yi sakaci. Sai a lokacin uban ya ɗago kai, ya ce ya yafe. Washegari aka zuba wa rijiyar murfin kankare, matasa suka zagaya suka ƙirga sauran. Ka riƙa lura da wanda ake yawan ce wa ya yi haƙuri a zamanka. Idan kullum ɗan haya ne, ko mai takaba, ko yaro, ko wanda ake kira baƙo, ka dakatar da maganar ka juya ga mai ƙarfin, ya faɗi abin da ya yi tukuna.

Idan an cimma matsaya, rubuta ta nan take da Hausa, kada ka bari sai gobe, kada kuma ka mayar da ita Turanci don ta yi kama da takardar ofis. A garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ba mu da uzurin rubuta yarjejeniyar unguwa da harshen da rabin masu sa hannu ba sa ji. Idan akwai dattawan da ajami suka fi karantawa, a yi musu kwafi da ajami. Kada laƙabi ko ɗaya ya shiga takardar. Sunan mutum, abin da zai yi, ranar da zai yi, adadin kuɗi idan akwai, shi ke nan. Ka guji rubuta wane ya amsa laifi ko ɓangare kaza ya yi nasara, domin takarda tana daɗewa fiye da fushi, wata rana jikoki za su karanta. Ka karanta ta da ƙarfi sau biyu, ka tambayi kowane ɓangare ko haka suka faɗa, sannan a sa hannu ko a dangwala. Kwafi ɗaya ga mai unguwa, ɗaya ga kowane ɓangare, ɗaya a littafin kwamiti, a kuma sa ranar da za a sake zama a duba abin da aka cika.

Wani zai ƙi sa hannu. Kada ka bari a kira shi mai taurin kai ko ɗan tada zaune tsaye, sabon laƙabi ke nan ka ƙirƙiro da hannunka. Ka rubuta dalilinsa da kalmominsa, ka karanta masa ya tabbatar, ka bar gurbin sa hannunsa a buɗe, bayan kwana biyu ka je ka same shi shi kaɗai. Idan kuwa ka ji an fara ambaton ƙonawa ko makami ko a kori wasu daga unguwa, to maganar ta wuce ajin firamare. Ka rufe zaman da addu'a, ka tabbatar kowa ya isa gida, a daren ka sanar da mai unguwa, shi ya kai wa hakimi da 'yan sanda.